Askin Ƙarshe na Idrisa Wanzami

Duk wanda aka haifa cikin Hausawan Libreville a shekaru talatin ɗin nan, in ya kai hannu ya shafa kansa, to ya shafa inda askar Idrisa ta fara bi. Shi ne wanzamin unguwar Nkembo. Ba shi da shago mai madubi da fitilu irin na samarin yanzu. Benci ne kawai a ƙarƙashin rumfar kwano, tsakanin masallacin unguwa da shagon Andrew mai gyaran firij, sai zabirarsa ta fata wadda danshin garin ya sa ta yi baƙi, da 'yar tasar ruwa, da ƙahonni a naɗe cikin tsumma.

Mutumin wajen Tasawa ne ta ƙasar Nijar, wanzanci kuma gadonsa ne tun daga kakanni. Ya baro gida yana saurayi, ya bi 'yan kasuwa ta Kamaru har ya faɗo Gabon, da niyyar ya yi damina biyu ya koma. Yakan ce abin da ya rikita shi, a garin nan ruwa ba ya ɗaukewa balle mutum ya gane ya cika biyun. Nan ya auri Djaïba, nan ta haifa masa Ilyas da Nafi, nan kuma ya binne ta shekarar da Nafi ta shiga lise, wato babbar sakandare. Faransancinsa bai wuce na tsai da taksi da na gaida ɗan sanda ba. 'Ya'yansa kuwa da Faransanci suka tashi. In suka yi masa Hausa ta karkace, sai ya dafe kunci ya ce sun tayar masa da ciwon haƙori.

Yana aski, yana ƙaho, yana askin suna, a da har da kaciya kafin iyaye su koma kai yara asibiti. Amma abin alfaharinsa ba kaifin aska ba ne. Yakan ce aska kowa na iya saye a kasuwar Mont-Bouët, abin da ba a shimfiɗa shi a tebur shi ne hannun da jini ke jin maganarsa. In ya tsattsaga bayan mutum ya ɗora ƙaho ya cire, sai ya goge wurin, ya danna da babban yatsa, leɓunansa na motsi, ya ɗan goga alif, farin dutsen nan mai kama rauni. Kafin mutum ya gyara zama jini ya ɗauke. Mutane sun yarda da wannan hannu ƙwarai. Uwar da ba ta barin ƙuda ya sauka a kan jaririnta, ita ce za ta miƙa wa Idrisa shi, ga aska tsirara a hannunsa, ta juya ta ci gaba da hirarta.

Nafi tana ƙarama ta taɓa tambayarsa abin da ke tsai da jinin. Ya ce, "Allah. Sannan babban yatsan ubanki." Amsar ba ta ishe ta ba, kuma watakila ita ce ta kai ta har makarantar kiwon lafiya ta Owendo, inda ta karanta aikin gwajin jini. Ta gama bara, ta samu wani ɗan ɗakin gwaji a unguwar Derrière la Prison tana koyon aiki kafin a ɗauke ta. Wata rana Idrisa ya je yi wa wani tsoho aski a unguwar, ya biya ya ga inda 'yarsa ke yini. Ta ja masa kujera, ta sa shi ya kafa ido a mikroskof, na'urar nan da ke mai da ɗigon jini ya zama fili guda.

"Me kake gani, Baba?"

"Masa nake gani, jajaye, an zube su a faranti."

"Duba tsakaninsu. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsi."

Ya daɗe yana kallo. "Waɗannan masu kama da tsakin gero?"

"Su ne. Plaket ake ce musu. Su ke tsai da jinin nan naka."

Ta yi masa bayani yadda ta iya, tana haɗa Hausa da Faransanci, shi kuma yana gyara mata Hausar. Ta ce cikin kowace jijiya akwai wata fata mai santsi kamar cikin sabon tiyo. Muddin fatar nan lafiya lau take, plaket wucewa kawai suke yi, kamar ba su san ta ba. Amma da zarar aska ta yanke ta, sai abin da ke ƙarƙashinta ya fito fili, wasu zare-zare masu kaushi. Akwai wani abu mai danƙo da ke yawo cikin jinin, shi ke fara kama zaren, gudun jini ya miƙar da shi kamar igiyar shanya, plaket ɗin da ta zo wucewa ta harɗe a jiki. Ta kama, ta suɓuce, ta mirgina, ta sake kamawa, sai ta zauna daram ta baje ta fito da 'yan hannuwa. Daga nan ta saki wani sinadari, wanda kira ne ga 'yan'uwanta. Su zo su hau kan juna har su toshe ramin.

Idrisa ya ɗago kai yana dariya. "Ashe 'yan Nkembo ne. Mutum ɗaya ya tsaya kallo, kasuwa ta taru. To yatsana fa, me yake yi?"

"Yana rage gudun jinin, ya ba su sukunin kamawa."

"Kin ji ko. Ni ne dai maigidansu." Ya sake leƙawa, ya girgiza kai. "Shekara da shekaru suna yi mini aiki, ko goro ban taɓa ba su ba."

Nafi ba ta taɓa jin daɗin karatunta kamar ranar ba.

A watan azumin da ya biyo baya ciwon zuciya ya same shi. Yana dawowa daga yi wa wani ƙaho, ya hawo tudun da ke bayan kasuwa da zabira a kafaɗa, ya iso benci ya zauna, gumi na zuba, yana cewa kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji. Andrew ne ya gan shi. Andrew mutumin Kafanchan ne, Kirista, Hausa a bakinsa kamar Bakano, kuma tun kafin a haifi Nafi suke zama rumfa ɗaya suna tsokanar juna. Bai tsaya tambaya ba, ya saɓe shi ya jefa a taksi.

A asibiti aka ce wata jijiyar da ke ciyar da zuciya ce ta toshe. Suka bi ta jijiyar hannu da wata siririyar waya, suka buɗe wurin, suka bar wata 'yar ragar ƙarfe a ciki don ta tokare shi. Likitar, wata mata mai gilashi da ba ta son dogon zance, ta miƙa wa Nafi takardar magani ta ce ƙwaya biyu ne a cikinsu ba a wasa da su, kullum, shekara guda cur, ko rana ɗaya kada a tsallake. Ta ce, "Ke kin san dalili. Ki faɗa masa da harshensa."

Nafi ta faɗa masa suna zaune a bakin ƙofa, ana ruwa, kwatar layinsu ta cika tana gudu. Akwai wani rodi da ya leƙo daga simintin kwatar, kullum leda ke maƙalewa a jikinsa. Ta nuna masa. Ta ce ya ga leda ɗaya ta kama, ta biyu ta kama ta farko, kafin ruwa ya ɗauke kwatar ta toshe ta malalo cikin gidaje. Ta ce ragar ƙarfen da ke ƙirjinsa haka take a wurin plaket. Su ba su san magani ba ce, rauni suke gani, kuma aikinsu su taru a kan rauni su toshe shi. Sai fatar jijiya ta tsiro ta lulluɓe ƙarfen kafin su daina ganinsa, wannan kuwa sai an yi watanni. Ƙwayoyin nan biyu suna rufe wa plaket baki ne, don in ɗaya ta kama kada ta iya kiran sauran.

"Wato ma'aikatan nawa za a ɗaure wa baki," in ji shi.

"Na ɗan lokaci ne, Baba."

"To in na yanke fa?"

"Zai tsaya. Zai daɗe dai."

Ya sake kallon rodin. Sannan ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya karɓi ƙwayoyin ya haɗiye.

Ya warke, ƙarfinsa ya dawo, ya koma benci. Amma jikinsa ya zama wani iri. In ya ɗan bugi gefen ƙofa sai wurin ya yi tabo baƙi-baƙi kamar an doke shi. In ya goga asuwaki sai ya tofar da ja. Ya daina cin goro a gaban mutane saboda shatin jinin da yake bari a jikin ɓarin. Ya koma sa riga mai dogon hannu duk zafin garin. Andrew ya ce masa ya zama kamar ayabar da ta kwana a kasuwa, duk inda aka taɓa sai ta nuna. Idrisa ya ce gara shi, shi Andrew kansa ne ya zama kamar gindin tukunya amma bai daina zuwa aski ba.

Abin da ya karya shi ya faru ne a unguwar Batterie IV, gidan Alhaji Moustapha mai shagunan tayil, ranar sunan jikansa. Gida ne mai bene, da motoci a ƙofa, mata sun cika falo da leshi da turare. Idrisa ya zauna a kan darduma, aka ɗora masa jariri a cinya cikin farin zane. Ya yi rabin kai lafiya. Da ya zo goge askar, sai bakinta ya ɗan taɓi gefen yatsansa, irin yankan da a da ko kulawa ba zai yi ba. Ya danna, ya ɗaga, jini ya biyo. Ya sake dannawa, ya goga alif, jini ya biyo ta ƙarƙashin alif ɗin. Ɗigo ya sauka a goshin yaron, wani a farin zanen, wani ya bi bayan kunne. Kakar yaron ta waiwayo ta gani, ta ƙwalla ƙara ta ce an yanke shi. Uwar ta fito da gudu ba ɗankwali. Aka fizge jaririn daga cinyarsa, aka wanke, aka duba ko'ina, ba ko ƙwarzane. Sai a lokacin aka lura da tsohon, yana zaune shi kaɗai a kan darduma ya naɗe yatsa cikin bakin rigarsa, rigar na jiƙewa.

Alhaji Moustapha bai ce masa komai ba sai sannu, har ya sa direba ya mai da shi gida. Amma aka kira wani mai shagon aski da injin batir ya ƙarasa askin. Kuma Hausawan Libreville ba su da yawa. Kafin sallar Juma'a maganar ta zaga daga Batterie IV har Mont-Bouët, cewa wanzamin Nkembo jinin kansa ma ya daina jin maganarsa. Wasu suka ce hannun ne ya tashi daga gare shi. Wasu suka ce ciwo ne a jinin, irin wanda ba a son ya taɓa yaro.

Ba wanda ya zo ya faɗa masa a ido. Kira ne kawai ya ɗauke. Ana haihuwa a layinsu, ya ji guɗa, ya ga an wuce da rago, ya ga mai injin ya shige da 'yar jakarsa yana kau da kai. Masu ƙaho suka ragu, suka ƙare. Kullum da safe yakan fito ya shimfiɗa kayansa, ya wasa askar da ba za ta yi aiki ba, ya zauna har la'asar. Andrew ne kaɗai ya rage, shi ma sai ya ninka zuwansa.

"Sarkin aska, zo ka rage mini sumar nan, ta dame ni."

"Wace suma? Jiya na nemo guda uku da ƙyar, na aske su."

"Sun dawo da 'yan'uwansu. Ka yi aikinka, malam, ka bar surutu."

Idrisa yakan jiƙa kan, ya bi shi da aska a hankali kamar akwai abin askewa. Nafi in ta dawo daga aiki ta same su haka, sai ta wuce ciki da sauri don kada su ga idonta.

A lokacin Fanta, matar Ilyas, cikinta ya tsufa. Jikan Idrisa na fari ke nan. Gida ɗaya suke, ɗakunan kuma katako ne ya raba su, ba abin da ake faɗa a wancan da ba a ji a wannan. Wata yamma uwar Fanta ta zo, ta zaunar da Ilyas ta ce ita ba ta raina kowa ba, amma ta ji abin da ya faru a Batterie IV, kuma jikanta ba abin gwaji ba ne, a kira mai injin. Ilyas ya ce to za a duba. Bai ce a'a ba. Nafi na tankaɗe a tsakar gida, ta ɗaga kai ta ga ubanta a bakin ƙofarsa da buta a hannu, ya tsaya cak. Ya ajiye butar ya koma ciki, bai yi alwalar ba.

Bayan 'yan kwanaki, suna shan shayi da safe, ya ce mata, "Ɗiyata, 'yan tsakin nan naki. Wanda aka ɗaure wa baki, ya ɗauru ke nan har abada?"

Tun ranar Batterie IV bai sake yi mata zancen jini ba. Daɗi ya kama ta, ta ɗauka sha'awarsa ce ta dawo. Ta ce eh, wadda maganin ya taɓa ta tafi ke nan, amma plaket ba su da tsawon rai, ɓargo kullum yana haifar sababbi. Shi ya sa ake shan ƙwayar kullum, don a kama sababbin. Da mutum zai bari, mako guda da ɗoriya duk an canja su, jini ya koma yadda yake.

"Mako guda da ɗoriya," in ji shi. "Ikon Allah." Ya kurɓi shayinsa.

Ta ɗauki jakarta ta fita neman taksi, tana ta murna a ranta. A watannin nan da sassafe take fita, don haka takan ajiye masa ƙwayoyin a murfin kofi kusa da shayinsa. In ta dawo murfin ba komai.

Fanta ta haifi mace. A cikin kwanakin jego Nafi ta lura ubanta ya koma naɗe hannun riga, tabban da ke damtsensa sun dushe, sababbi ba su fito ba. Ta gan shi yana cin goro a rumfa yana ba Andrew labari da hannu biyu. Wani abu ya ɗan taɓa mata zuciya, amma gidan cike yake da baƙi da wanki da girki, kuma ta daɗe ba ta ga ubanta yana dariya haka ba. Ta ce wa kanta watakila jikinsa ne ya saba da maganin.

Ranar suna aka tashi da hadari. Aka ɗaura tamfol daga rumfar Idrisa har ƙofar masallaci, masu gasa nama na bakin titi suka zo suka feɗe rago, liman ya raɗa wa yarinya suna Djaïba. Da Idrisa ya ji sunan sai ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba. Can ya miƙe, ya saɓa zabira, ya shiga tsakar gida inda mata suke. Mai injin yana gefe a tsaye da jakarsa, uwar Fanta ce ta kira shi.

Idrisa ya yi sallama ya zauna a tabarma. Ya ce wa uwar Fanta, "Hajiya, na san abin da ke ranki, kuma ban ga laifinki ba. Matso ki gani da idonki."

Ya zaro aska, ya ɗaga babban yatsansa na hagu yadda kowa zai gani, ya tsaga shi da gangan. Jini ya taso ja wur. Mata suka ja numfashi. Ya danna da ɗaya yatsan, leɓunansa na motsi, tsakar gidan ta yi tsit sai ƙarar yayyafi a kan tamfol. Sannan ya ɗaga. Wurin ya bushe. Ya murza, ya girgiza hannun, ya miƙa wa uwar Fanta. Ko ɗigo.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Sauran suka ɗauka. Uwar Fanta ta rufe baki da mayafi tana cewa a yafe mata, ita da kanta ta ɗauko jaririyar ta ɗora masa a cinya. Ilyas na bakin ƙofa yana share ido. Mai injin ya sulale.

Nafi na tsaye da tiren masa a hannu. Duk gidan ita kaɗai ce ba ta yi guɗa ba. Ta kalli busasshen yatsan, ta tuna tabban da suka dushe, ta tuna shayin safiyar nan da amsar da ta bayar tana murmushi, sai ta gane ya daina shan maganin. In plaket ɗinsa sun iya taruwa a yatsa haka da sauri, to bakinsu a buɗe yake ko'ina, har cikin ƙirjinsa, inda ragar ƙarfen take ba ta gama rufuwa ba.

Ba ta iya tsai da shi ba, yarinya na kan cinyarsa. Ya wanke hannu, ya zaro wata askar, ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi. Yana aski yana hira da jaririyar ƙasa-ƙasa. "Uwargida, kin dawo? Kin same ni na tsufa. To kada ki ce za ki guje ni ki auri mai injin." Mata na dariya. Hannunsa bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Ya gama, ya tattara gashin a ƙyalle, ya shafa kan da tafinsa, ya miƙa ta.

Nafi ta bi shi ɗaki ta rufo ƙofa.

"Baba, yaushe ka daina?"

Bai yi musu ba. Yana jera kayansa cikin zabira ya ce, "Tun da Fanta ta fara kukan baya."

"Ina ƙwayoyin?"

Ya nuna gwangwanin goronsa na da. Suna ciki, farare da jajaye-jajaye.

"Na gaya maka! Na nuna maka rodin nan, na gaya maka abin da zai faru!"

"Kin gaya mini, ɗiyata. Ba ki rage komai ba." Ya zauna a bakin gado. "Ni na aske ubanta. Ni na aske ki. 'Ya'yan mutanen da ban san sunan garinsu ba, ni na aske su. Sai tawa ta zo in tsaya a bakin ƙofa ina kallon batir? Kawo in sha yanzu. An gama ai."

Ta ba shi da ruwa, ya haɗiye. Ta san ƙwayar da aka sha yau ba za ta kama duk sababbin plaket ɗin nan take ba. Ta kira likitar a waya. Likitar ta ce a kawo shi yau, kada a jira gobe. Idrisa ya ce ya ji, amma ba zai fita ya bar mutane a ƙofarsa ba, rabon da a taru a rumfarsa haka an daɗe. A bari a yi azahar a ci abinci. Ta roƙe shi, ta kira Ilyas ya roƙe shi. Ya ce azahar dai, ba la'asar ba, ya yi alkawari.

Ya fita ya zauna a bencinsa. Mutanen da suka yi watanni suna kau da kai suka riƙa zuwa suna ba shi hannu. Wani ya ce matarsa ta kusa, wani ya ce bayansa na neman ƙaho. Andrew ya zauna kusa da shi da farantin nama, yana cewa kowa ya bi layi, shi ne na farko. Nafi ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa, ba ta ci komai ba, idonta a kan ƙirjin ubanta.

Ana kiran sallah ya kai hannu ya dafe wurin. Ya kalle ta. Ta ruga gare shi.

Andrew da Ilyas suka sa shi a taksi, Nafi ta shiga baya ta ɗora kansa a cinyarta. Hadarin da aka tashi da shi sai a lokacin ya sauko gaba ɗaya. Kwatocin Nkembo suka cika suka malalo kan titi, motoci suka cushe, ba gaba ba baya. Andrew ya fita cikin ruwan yana dukan motocin mutane da tafin hannu, yana ihu da Faransanci da Hausa da duk abin da ya zo bakinsa. Nafi ta riƙe hannun ubanta tana laƙanta masa kalmar shahada, yana bin ta, muryarsa na yin ƙasa. Babban yatsansa na cikin tafinta. Ta ji ɗan layin da askar ta bari, ya haɗe tsaf, har ya fara ɓawo.

Kafin su kai ƙofar asibiti ya cika. Likitar ta fito ta duba shi, ta cire gilashinta, ta dafa kafaɗar Nafi. Ba ta yi mata bayani ba, don ta san ba ta bukata.

Tamfol ɗin da aka ɗaura don suna, shi aka zauna a ƙarƙashinsa ana karɓar gaisuwa. Masu zuwa suna ta faɗin yadda hannunsa ya dawo masa a ranarsa ta ƙarshe, wasu na cewa alama ce ta kyakkyawan ƙarshe. Nafi tana jin su, ba ta gyara wa kowa ba. Ilyas ya rataye zabirar a ƙusa cikin ɗaki, shi direba ne, bai gaji aska ba. Andrew ya bar gemunsa ya fito fari fat, ya ce bai ga wanda zai miƙa wa wuyansa ba tukuna.

Nafi ta koma aiki. Har yanzu in ta kafa ido a mikroskof ta ga 'yan tsakin nan a tsakanin jajayen, sai ta ɗan ja da baya kafin ta ci gaba. In ta dawo gida takan karɓi Djaïba daga hannun Fanta, ta kai ta bakin ƙofa inda akwai haske, ta riƙa bin kanta da yatsa, daga goshi zuwa ƙeya, da bayan kunnuwa. Ba ta taɓa samun ko ƙwarzane ba. Kwanan nan ma ta fara wahalar ganin fatar, don gashin ya tsiro ya rufe.